Tambayoyinku da Amsoshinmu: Yadda Ake Fara Horar da Karnukan Jan Keken Ƙanƙara

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato karnukan da ke jan keken ƙanƙara, wannan keke marar taya wanda yake sulɓi a kan dogayen ƙafafu biyu bisa dusar ƙanƙara a Alaska da arewacin Kanada da Girinlan da Norway da Saiberiya. Galibin waɗanda suka rubuto mutane ne da karatu ko aiki ya kai su waɗannan ƙasashe, suka ga abin da idanunsu, sha'awarsa ta kama su. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a arewacin Norway, kuma ina so in koyi tuƙa karnuka. Shin ya dace in sayi 'yan kwikwiyo in raine su da hannuna don su saba da ni? Wane iri ne ya fi?

Amsa: Malam, ka adana kuɗinka tukuna, domin a wannan mataki kai ne mai buƙatar horo, ba kare ba. Karen ja da son gudu aka haife shi, ba sai an lallashe shi ba. Abin da ba a haifi mutum da shi ba shi ne sanin yadda zai tsayar da dabbobi shida masu ƙarfi a kan gangare, da yadda zai gane cewa ɗaya daga cikinsu ba shi da lafiya tun kafin ya kwanta. Hanyar da matuƙa da yawa suka bi ita ce su zauna a gidan karnukan wani gwani na tsawon hunturu ɗaya ko biyu a matsayin 'yan koyo. Aikin ba shi da wani armashi a ido: kwasar kashi safe da yamma, sarar daskararren nama da gatari, jigilar ruwan ɗumi a bokiti cikin duhu, da sauya busasshiyar ciyawar da karnuka ke kwana a kai. Amma a cikin wannan hidima ne ido yake buɗewa, har mutum ya kai ga lura da karen da ya bar rabin abincinsa, ko wanda yake sassauta taka ƙafa ɗaya idan ya taso daga kwance. Ka yi sa'a, domin inda kake zaune ba a rasa irin waɗannan gidaje ba, musamman a kewayen Tromso da Alta, kuma daga Alta ne ake tashi gasar Finnmarkslopet wadda aka fara a 1981, wadda zangonta mafi tsawo ya kai kilomita 1,200.

Idan lokacin mallakar kare ya yi, kada ka fara da kwikwiyo. Nemi babban kare ɗan shekara bakwai ko takwas wanda gudun gasa ya fara yi masa yawa amma ya san aiki ciki da waje, domin masu gasa sukan nema wa irin waɗannan gidan da za su huta. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan sabon matuƙi ya haɗu da sabbin karnuka, babu mai koya wa wani komai, sai dai kowa ya rikita ɗan'uwansa, alhali tsohon kare zai nuna maka yadda ya kamata abu ya gudana, daga baya kuma shi ne zai horar da ƙananan da za ka kawo.

Game da iri, huɗu ne za ka fi cin karo da su. Haski na Saiberiya asalinsa daga al'ummar Chukchi ne a arewa maso gabashin Saiberiya, an shigo da shi Alaska a farkon ƙarni na ashirin saboda tsere, matsakaici ne mai nauyin kilo 16 zuwa 27. Malamut na Alaska ya fi shi girma da ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai gwanin jan kaya ne a hankali, ba na sauri ba. Karen Girinlan shi ne wanda ya kai Roald Amundsen, mai binciken ƙasashe ɗan Norway, tsakiyar kudancin duniya a ranar 14 ga Disamba, 1911, kuma har yau dokar Girinlan ta hana shigar da wasu irin karnuka yankunan da ake kiwonsa don kada jininsa ya gauraya. Na huɗu shi ne haski na Alaska, wanda ba iri ne tsantsa ba, gauraye ne da aka yi ta zaɓa saboda aiki kawai, kuma shi ne yake lashe mafi yawan gasannin dogon zango a yau. A ganina, mai farawa ya fi buƙatar duba halin kare fiye da sunan irinsa. Masu sayen haski saboda shuɗin idonsa su ne suka fi yin da-na-sani, domin dabbar da aka tsara don gudun kilomita masu yawa a kullum, idan aka kulle ta a gida, haƙa rami da tsallake shinge da kukan dare za ta mayar sana'a.

Tambaya: Na hau keken 'yan yawon buɗe ido a yankin Yukon na Kanada, na lura cewa matuƙin ba ya riƙe da wata igiya da ta kai ga karnuka. To da me ake juya su?

Amsa: Ka lura da ainihin abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran. Mahayin doki yana da linzami a hannu, amma matuƙin karnuka ba shi da komai sai muryarsa da birkin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma karen da ke gaba yana iya kasancewa mita goma sha biyar ko fiye daga inda yake tsaye. A Girinlan matuƙa suna riƙe da doguwar bulala wadda suke kaɗawa a kan ƙanƙara a gefen karnuka don nuna musu hanya, amma a manyan gasanni irin su Iditarod ta Alaska an haramta bulala gaba ɗaya.

Sai ka fara fahimtar yadda ake jera su. Akwai uwar igiya wadda ta taso daga gaban keke ta ratsa tsakiyar ayarin. Kowane kare yana sanye da ɗamarar ja wadda take ɗora nauyi a kan ƙirji da kafaɗu, ba a kan wuya ba, kuma daga ƙarshen ɗamarar, kusa da gindin wutsiya, wata igiya ta haɗa shi da uwar igiya, da ita yake ja. Akwai kuma wata 'yar gajera daga abin wuyansa wadda aikinta kawai ta hana shi fita daga layi. A gaba akwai jagora, ɗaya ko biyu. Masu bi musu su ne suke buɗa kwana don kada ayarin ya yanke ta afka cikin itace. Na tsakiya su ne ƙarfin tafiya, sannan na ƙarshe, waɗanda ke dab da keke, su ne suke shan fizgar nauyi, don haka ake zaɓar masu ƙarfi da natsuwa waɗanda ƙarar keke a bayansu ba ta firgita su. Wannan jeri na bibbiyu ya dace da ƙunƙuntar hanya a cikin daji. A fili fetal na daskararren teku kuwa, mutanen Inuit na Girinlan da arewacin Kanada sukan ba kowane kare tasa doguwar igiyar su bazu, ta yadda idan ƙanƙara ta rufta da ɗaya ba zai ja sauran ba.

Kalmomin umarni kaɗan ne. A Alaska da Kanada ana cewa "ji" don a yi dama, "ho" don a yi hagu, "haik" don a tashi, "wo" don a tsaya, da "on bai" don a wuce wani abu ba tare da an kula shi ba. Kana iya amfani da kalmomin da ka ga dama muddin gajeru ne kuma ba ka sauya su, sai dai idan ka karɓi karen da wani ya horar, dole ka bi waɗanda ya saba da su.

Koyar da jagora kuwa aiki ne na haƙuri. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura matashin kare kusa da tsohon jagora, duk lokacin da aka zo mararraba aka faɗi umarni, tsohon ya juya, matashin ya bi, har kalmar ta haɗu da aikin a ƙwaƙwalwarsa. A faɗi umarnin 'yan taku kafin a kai mararrabar, da murya madaidaiciya, sau ɗaya. Idan suka ɗauki hanyar da ba ita ba, a taka birki a jira, sau da yawa karen zai waiwayo ya gwada ɗaya hanyar, kuma a daidai wannan lokaci ne ake sakin birki a yaba masa, domin ci gaba da gudu shi ne babban ladan da yake nema. Akwai ƙa'ida guda da masu farawa suka fi karyawa: kada ka ce a tsaya alhali ba ka da ikon tsayar da keken. Idan ka yi ta kiran "wo" karnuka na ci gaba da gudu, ka koya musu da bakinka cewa kalmar ba ta nufin komai. Haka kuma, darasin da ya fi dama da hagu muhimmanci shi ne jagora ya tsaya cik a gaba ya riƙe uwar igiya a miƙe yayin da ake ɗaura sauran, domin idan ya juyo baya don ya gaisa da 'yan'uwansa, igiyoyi za su sarƙe, daga nan kuma sai faɗa.

Ba kowane kare ne yake son jagoranci ba, kuma ba mafi girma ko mafi faɗa ne ya fi dacewa ba. Wasu ba sa jure jin dukan ayari yana bin bayansu. Shahararren misali shi ne Togo, jagoran ayarin matuƙi Leonhard Seppala, wanda ƙaramin kare ne kuma yana da shekara 12 a lokacin da aka yi jigilar maganin mashaƙo zuwa garin Nome na Alaska a farkon 1925. Matuƙa 20 da karnuka kimanin 150 ne suka yi karɓa-karɓar maganin daga Nenana, tafiyar kilomita 1,085, cikin kwana biyar da rabi. Balto, karen da ya shiga da maganin gari, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York, amma Togo ne ya yi zango mafi tsawo da haɗari, har da ratsa daskararren mashigin teku na Norton cikin duhu da iska, inda matuƙi ba ya ganin komai sai dai ya dogara ga abin da karen ya zaɓa.

Tambaya: Kare ɗaya gare ni, ɗan wata biyar, kuma dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a inda nake zaune a kudancin Suwidin. Zan iya farawa?

Amsa: Za ka iya, amma ba da ja ba tukuna. A wannan shekaru abin da kwikwiyo yake buƙata shi ne ya saba da hannu: a taɓa tafin ƙafarsa, a buɗe bakinsa, a yanke masa farce, ya amsa kira, ya yi yawo a sake a kan ƙasa iri-iri. Matuƙa da yawa sukan fara sa wa kare ɗamara tsakanin wata shida zuwa takwas, a yi 'yar gajeruwar tafiya kusa da babban kare mai sanyin hali, a kuma tsaya tun yana marmarin ci gaba. Aiki mai nauyi sai ya haura shekara, lokacin da ƙasusuwansa suka gama ƙwari. Tafiyar farko idan ta zo da tsoro, alal misali keke ya buge shi ta baya, yana iya ƙin ɗamara har abada.

Rashin dusar ƙanƙara ba matsala ba ne, domin ko manyan masu gasa a kan busasshiyar ƙasa suke fara horon kaka, suna ɗaura ayarin a gaban babur mai taya huɗu, wanda nauyinsa da birkinsa ke ba su ikon ƙayyade gudu. Mai kare ɗaya kuwa yana iya ɗaura igiya mai talewa a ƙugunsa ya yi gudu a bayan karen, ko ya haɗa ta da keken hawa, idan ƙanƙara ta sauka kuma ya sa katakan sulɓi a ƙafa. Duk waɗannan wasanni ne masu zaman kansu da ake gasarsu a Turai. A fara da kilomita biyu ko uku, a riƙa ƙarawa sannu a hankali tare da ranakun hutu, a kuma guji kwalta domin tana cinye tafin ƙafa.

Babban abin tsoro a wannan horo shi ne zafi. Kare ba ya fitar da zufa yadda mutum yake yi, da haki yake sanyaya jikinsa, ga shi kuma da gashi ninki biyu. Yanayin da kai za ka ji daɗinsa yana iya zame masa ajali, shi ya sa matuƙa da yawa ba sa ɗaura kare idan ma'aunin zafi ya kai wajen digiri 15, musamman idan akwai laima a iska, kuma suka fi son fita da sassafe.

Tambaya: An yi mini alkawarin ba ni keke da karnuka in tuƙa da kaina a karon farko. Me ya kamata in sani?

Amsa: Ka roƙi a ba ka karnuka uku ko huɗu kawai, kuma wani gwani ya kasance a gabanka da nasa ayarin. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne lokacin ɗauri. Karnukan da ka gani kwance shiru za su rikiɗe da zarar sun ga ɗamara: haushi, tsalle sama, fizgar igiya har keken ya riƙa girgiza. Saboda haka ake fara ɗaure keken a jikin turke ko itace da igiyar da ake iya kwancewa da fizga ɗaya, a kuma kafa ƙugiyar ƙarfe a cikin dusar ƙanƙara a taka ta da ƙafa. Jagora ake fara ɗaurawa, sannan sauran. Idan an gama, ka hau ƙafafun keken, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan birki, ka riƙe mariƙi da hannu ɗaya ƙam, sannan ka cire ƙugiya ka ajiye ta a mazauninta, domin ƙugiyar da ke lilo a sake tana iya huda ƙafar mutum. Da ka saki igiyar turke, hayaniyar za ta ɗauke ɗif, keken kuma zai fizge ka da ƙarfin da ba ka zata ba, don haka ka ɗan lanƙwasa gwiwa ka bar birki yana jan ƙasa a kilomita ta farko, lokacin da zumuɗinsu ya fi yawa kuma suka fi saurin jin rauni.

Doka ta farko da kowane matuƙi zai gaya maka ita ce kada ka saki keke ko da ka faɗi. Karnuka ba za su tsaya jiranka ba, kuma ayarin da ba shi da matuƙi yana cikin haɗarin gaske, domin idan ɗaya ya yi tuntuɓe ko igiya ta naɗe masa ƙafa, sauran za su yi ta jansa a ƙasa. Idan keken ya kife, ka riƙe mariƙin ka bar su su ja ka a kan ciki, nauyinka da na kifaffen keke zai rage musu gudu har ka samu ka kafa ƙugiya. Doka ta biyu ita ce uwar igiya ta zauna a miƙe a kowane lokaci. A kan gangare keke ya fi karnuka sauri, idan ba ka taka birki ba zai cim ma na baya ya buge su, igiyar kuma ta saki ta harɗe ƙafafu. Mafi yawan kekuna suna da wani faifan roba mai kaushi da ke jan ƙasa tsakanin ƙafafun keken, wanda ake takawa don rage gudu a hankali, ban da birkin ƙarfe mai haƙora na tsayawa. A kan hawa kuwa, ka sauke ƙafa ɗaya kana tunkuɗa ƙasa, ko ka sauka ka yi gudu kana tura keken ba tare da ka saki mariƙi ba. Karnuka suna waiwayowa su ga ko kana taimakawa, kuma suna bambanta matuƙin da ke aiki tare da su da wanda ya zame musu kaya.

Idanunka su kasance a kan karnuka, ba a kan kyan daji ba. Igiyar jan kowane ɗaya tana ba ka labari: wadda ta saki tana nufin mai ita ya gaji, ko ya ji ciwo, ko yana son ya yi bayan gida. Karen da ya sauya salon takunsa, ko yake yawan wawurar dusar ƙanƙara da baki, yana buƙatar a tsaya a duba shi. Ka kuma tafi da wuƙa a inda hannunka zai kai gare ta nan take, saboda ranar da igiya za ta shaƙe wani. Namun daji ma abin lura ne, musamman babbar dabbar nan mai ƙaho da ake kira mus, wadda ba ta son kauce wa hanya idan dusar ƙanƙara ta yi zurfi. A gasar Iditarod ta 1985 irinta ce ta afka wa ayarin matuƙiya Susan Butcher, ta kashe karnuka biyu ta raunata wasu, har dole ta janye daga gasar.

Tambaya: Me ake ciyar da su, kuma don me ake sa musu safa?

Amsa: Abincinsu ya dogara ga aikinsu. Karen da ke gasar dogon zango yana iya ƙona kalori 10,000 ko fiye a rana, ninkin abin da babban mutum yake buƙata sau huɗu, alhali nauyinsa bai wuce kilo ashirin da 'yan kai ba, kuma mafi yawan wannan ƙarfi daga kitse yake samunsa, shi ya sa ake haɗa masa busasshen abincin karnuka mai inganci da nama da kifi da mai. Wanda yake fita sau uku a mako don nishaɗi ba ya buƙatar ko kusa da haka, kuma ƙiba ta fi rama cutar da karen ja. Ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin 'yar tsoka ba tare da sun fito fili ba. Ruwa ya fi abinci wuyar sha'ani, domin a tsananin sanyi karnuka ba sa son shan ruwa zalla, ga shi kuma yana daskarewa a kwano, saboda haka ake ba su shi da ɗumi an gauraya da romon nama ko kifi, awa biyu ko makamancin haka kafin a fita. Ba a ɗaura kare da cikakken ciki.

Safar kuwa ba don sanyi ake sa ta ba. 'Yar jaka ce ta ƙyalle mai ƙwari da ke kare tafin ƙafa daga kaifin ƙanƙara, ta kuma hana dusar ƙanƙara dunƙulewa a tsakanin yatsu inda take goge fata har ta tsage. Dokar Iditarod ta wajabta wa matuƙi ya kasance da safa takwas domin kowane kare. Bayan kowace fita, ka ɗaga ƙafafun kowannensu ɗaya bayan ɗaya, ka buɗa yatsun ka duba, ka lanƙwasa wuyan ƙafa da kafaɗa a hankali ka ga ko zai janye, sannan ka duba hammata inda ɗamara ke gogawa. Allurar rigakafi da maganin tsutsa kuwa, wannan tsari ne da za ka yi da likitan dabbobi tun kafin kare na biyu ya shigo gidanka.

Tambaya: Ni dai gani nake wannan zalunci ne. Yaya za a ɗaure dabba a sa ta jan mutum cikin sanyi?

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma ba za mu share ta ba. Jan keken kansa ba shi ne matsalar ba. Binciken masana a tsibirin Zhokhov na Saiberiya ya nuna cewa mutane suna amfani da karnukan ja tun kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma duk wanda ya ga yadda suke ɗokin ɗamara ya san ba tilasta musu ake yi ba. Igiya ja ake yi da ita, ba a tura kare da ita, idan ya ƙi tafiya babu yadda matuƙi zai yi. Inda zaluncin yake faruwa shi ne lokacin da ba a kan hanya suke ba: karnukan da ake bari a ɗaure a turke tsawon bazara babu motsa jiki, da gidajen da suke tara fiye da abin da za su iya ciyarwa, da makomar waɗanda suka tsufa ko suka kasa. A 2010 an kashe karnukan ja masu yawa a Whistler da ke lardin British Columbia na Kanada bayan kasuwar yawon buɗe ido ta ja baya, abin da ya tayar da hankalin jama'a har lardin ya tsaurara dokokinsa ya kuma fitar da ƙa'idojin kula da karnukan ja. A gasannin dogon zango ma karnuka suna mutuwa wani lokaci, duk da likitocin dabbobi da ke duba su a kowane zango, kuma gyambon ciki sananniyar matsala ce a tsakaninsu, har ana ba su maganin kariya daga gare shi. Saboda haka muke gaya wa duk mai son farawa ya yi lissafin shekara goma sha biyu zuwa sha biyar a kan kowane kare, alhali shekarun aikinsa ba su kai haka ba. Wanda ba zai iya riƙe tsohon karen da ya daina ja ba, bai kamata ya ɗauki matashi ba.

Tambaya: Burina in shiga Iditarod. Shekara nawa zan yi kafin in kai?

Amsa: Ɗan'uwa, babu adadin da za mu yanke maka, amma ga girman abin da kake hange. An fara gasar a 1973 bisa ƙoƙarin Joe Redington da abokan aikinsa, a lokacin da baburan ƙanƙara suka fara korar karnuka daga ƙauyukan Alaska. Tafiya ce ta kimanin kilomita 1,600 daga yankin Anchorage zuwa Nome a watan Maris. Dick Wilmarth, wanda ya fara lashe ta, ya yi kwana 20 a hanya, yanzu kuwa masu nasara sukan gama cikin kwana takwas zuwa goma. Libby Riddles ce mace ta farko da ta ci, a shekarar nan ta 1985, sannan Susan Butcher ta dawo ta ci sau huɗu tsakanin 1986 da 1990, Dallas Seavey kuma ya kai shida a 2024.

Ba a barin sabon shiga ya yi rajista kai tsaye. Sai ya cika shekara 18, ya kuma kammala wasu gasanni na share fage waɗanda masu shirya gasar suka amince da su, ciki har da masu tsawon kusan kilomita 500. Don ka fita da ayari cikakke kana buƙatar karnuka fiye da waɗanda za ka ɗaura, saboda rauni da rashin lafiya, shi ya sa sabbin shiga da yawa suke amfani da matasan karnukan maigidan da suka yi koyo a wurinsa maimakon su tara nasu. Kafin nan akwai gasannin gajeren zango na karnuka huɗu ko shida, masu tsawon kilomita kaɗan, kuma a cikinsu ne za ka koyi wuce wani ayari a ƙunƙuntar hanya ba tare da igiyoyinku sun sarƙe ba. Bayan su sai ka gwada tafiyar kwana ɗaya a daji, inda za ka narkar da dusar ƙanƙara ka dafa wa karnuka abinci, ka shimfiɗa musu ciyawa, ka cire safa ka duba ƙafafu, duk kafin kai ka sa wani abu a bakinka.